Kwana a Tanti Cikin Namun Dajin Masai Mara: Kurakuran da Mutanenmu Suka Fi Yi

Duk wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san tsarin Wikki: ɗaki na bulo, ƙofa mai makulli, ka fito da dare ka sha iska, iyakar fitinar da za ka gani ta gwaggon biri ce. Da wannan hoton a zuci mutanenmu da dama ke biyan kuɗin zuwa Masai Mara a Kenya ko Serengeti a Tanzaniya, su isa su tarar da abin ya sha bamban. A can masaukin tanti ne na zane mai kauri, da gado da banɗaki a ciki, wani ma ya fi ɗakin otal tsada da ƙawa. Amma sansanoni da yawa ba su da shinge ko kaɗan. Tsakaninka da dorina sai zif. Yawancin kurakuran da ake yi kuwa ba na rashin hankali ba ne, ɗabi'u ne masu kyau a gida waɗanda ba su da gurbi a wannan wurin.

Mu fara da asuba, don nan ne haɗarin ya fi yawa ga Musulmi. Al'adarmu ce mutum ya farka, ya ɗauki buta, ya fita waje ya tsuguna ya yi alwala. A sansanin da ke bakin kogin Mara ko kogin Talek, wannan shi ne daidai lokacin da dorina ke komawa ruwa bayan ta kwana tana kiwo a tudu. Tana bin hanyar da ta saba bi, kuma idan ta ga mutum ya shiga tsakaninta da ruwa ba ta kaucewa. Girman jikinta kada ya ruɗe ka, ta fi ka gudu. Ga kuma ɓauna, musamman tsohon namiji da ya rabu da garke, wanda kan kwanta a ciyawar gefen tanti ba ka gan shi ba sai kun yi kiciɓis. Gyaran mai sauƙi ne. Ka cika butarka tun da dare, ka yi alwala a banɗakin cikin tanti, ka shimfiɗa sallaya a gefen gado. Idan ku da yawa ne kuna son jam'i, ku faɗa wa manaja tun da yamma, zai sa masu gadi su bi tanti-tanti su ɗauko ku.

Haka dokar take a kusan kowane sansani marar shinge: daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari ba a fita sai da rakiya. Masu gadin, waɗanda ake kira askari, galibi Masai ne 'yan yankin, da tocila da mashi ko sanda. Za a ba ka oba-oba, ko usur, ko a ce ka haska tocila daga bakin tanti su zo. Akwai maza da ke jin nauyin kiran rakiya saboda taku talatin kacal zuwa wurin cin abinci, wai kada a ce sun ji tsoro. Mutumin nan da ke tsaye yana jiranka ya san inda giwa ta tsaya daren jiya, kai ba ka sani ba. Ka kira shi. Idan kuma kuka ci karo da dabba a hanya, kada ka ruga. Gudu shi ke sa dabba mai farauta ta bi ka. Ka tsaya a bayan mai gadi, ka yi abin da ya ce.

Sai alƙibla. Mu mun saba da fuskantar gabas har ya zama jiki, mutum ya ga inda rana ke fitowa ya ta da kabbara. Daga Kenya, Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Wanda ya bi mafitar rana a Mara ya kalli tekun Indiya. Manhajar alƙibla ta waya tana aiki ko babu intanet idan ka saita ta tun daga Nairobi, ko ka tambaya a cikin ma'aikata, sau da yawa ba a rasa Musulmi.

Guzuri da takalmi

Bahaushe ba ya tafiya ba guzuri, kuma ban ga laifinsa ba. Matsalar ita ce inda ake ajiye shi. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin, duk abin da ke da ƙamshi idan ya kwana a tanti to ka aika wa kura goron gayyata. Kurar can babba ce, mai dabbare-dabbare, kuma haƙoranta na fasa ƙashi, balle zane. Da rana kuwa birai ne. Sun iya zuge zif, shi ya sa a wasu wuraren ake haɗa kawunan zif ɗin a ɗaure ko a sa ɗan kwaɗo. Tun kafin nan ma, nama busasshe na iya tsayar da kai wurin kwastan a filin jirgi. Abin da ka samu ka shigo da shi, ka miƙa wa masu kicin su adana maka, ka karɓa lokacin da kake so.

Takalmi ma haka. Tarbiyyarmu ce a tuɓe a bakin ƙofa. A nan idan ka bar takalmin fata a waje, da safe ƙila ka tarar da wari ɗaya, ɗayan kura ta tafi da shi ta tauna. Ka shigo da shi ciki, kuma ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa saboda kunama.

Mata masu tafiya da kasko da turaren wuta, a haƙura da shi na 'yan kwanakin nan. Garwashi a cikin ɗakin zane, a tsakiyar busasshiyar ciyawa, nesa da motar kashe gobara, ba abin gwadawa ba ne. Haka ma hitar dafa ruwa da na'urar busar da gashi. Yawancin sansanoni da sola suke aiki, abu ɗaya mai jan wuta zai iya kashe wutar layin tantuna gaba ɗaya. Soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku, wannan kam babu damuwa, sai dai a wasu wuraren caji a babban tantin zama kawai ake yi. Ruwan wanka a ƙananan sansanoni dafa shi ake yi a zuba a wata jaka da ake ratayewa a sama. Kai za ka faɗi lokacin da kake so, kuma idan ka sake shi yana zuba kana shafa sabulu a tsanake, zai ƙare ka rage da kumfa a ka.

Batun abinci kuskure ɗaya ne ake ta maimaitawa: sai an zauna a tebur sannan a ce ba a cin naman alade, ko a tambaya wa ya yanka. A lokacin an makara. Kayan abincin daga Nairobi ko garin Narok ake kawo su a mota ko jirgi, ba kullum ba. Ka rubuta musu tun ranar da ka biya kuɗi cewa halal kake ci, ka ƙara da cewa ba ka son a sa giya a girki, don wasu miyar Turawa da kayan zaƙi da ita ake haɗawa. Sun saba da irin wannan buƙata, lokaci kawai suke so. Da yamma kuma akwai al'adar tsayawa a daji a kalli faɗuwar rana ana shan abin sha. Ka ce lemo ko shayi, babu mai kallonka.

Sanyin da ba a zata ba

«Ai Afirka ce, zafi ne.» Da wannan lissafin mutum ke cika jaka da yadi marar nauyi. Masai Mara tana kan tudu, sama da mita 1,500 daga teku, kuma watannin Yuni zuwa Agusta su ne lokacin sanyinsu. Ana fita kallon dabbobi wajen ƙarfe 6 na safe a mota buɗaɗɗiya, iska na dukan fuska. Ka ɗauka hunturun Jos za ka shiga: rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safa. Zuwa ƙarfe 10 rana ta buɗe, sai ka riƙa rage su ɗaya bayan ɗaya. Da dare idan ka zura ƙafa a bargo ka ji wani abu mai ɗumi da laushi, kada ka kwarma ihu. Gorar roba ce ta ruwan zafi da ma'aikata ke sawa don ɗumama gado, kuma ta firgita baƙi da yawa.

Launin kaya ma yana da ka'ida. Farar shadda za ta dawo ja da ƙura tun fitar farko. Baƙi da shuɗi mai duhu kuwa su ne launukan da ke jawo ƙudan tsando, shi ya sa tarkon da ake kafa masa da waɗannan launukan ake yin sa. A wasu sassan gandun dajin Serengeti da na Tarangire a Tanzaniya ƙudan yana da yawa, cizonsa na ratsa riga, kuma shi ke ɗauke da ciwon barci. Baƙar abaya da baƙin hijabi a ajiye su sai an dawo birni, a nemi ruwan ƙasa, ruwan toka ko kore marar haske. Kaya masu zane irin na sojoji a bar su a gida baki ɗaya, ƙasashen Afirka da dama ba sa lamuntar farar hula ya sa su.

Akwati mai taya shi ma kuskure ne ga wanda zai shiga ƙaramin jirgi daga filin Wilson na Nairobi. Kilo 15 ake ba kowa, har da jakar hannu, kuma jaka mai laushi suke so wadda za ta lanƙwasu a cikin ɗan wurin kaya. Jirgin ba ya wuce kimanin awa guda, mota kuwa awa biyar zuwa shida. Kada kuma a naɗe kaya a leda: Kenya ta haramta ta tun 2017, Tanzaniya ta bi sahu a 2019.

Zazzaɓin cizon sauro ba baƙonmu ba ne, shi ya sa ake raina shi. Wanda ya yi shekaru a Ingila ko Saudiyya ya daina samun ɗan juriyar da mazauna gida ke da ita, yaran da aka haifa a waje kuwa ba su da ita sam. A ga likita kafin tafiya, a rufe zif da zarar an shiga ko an fita. Katin rigakafin shawara kuma dole ne ga mai zuwa daga Najeriya, a sa shi tare da fasfo.

Kuɗi da lokaci

A nan ne ake asara mafi ciwo, kuma tun daga gida ake yin ta. Mutum ya ga hoton dubban dabbobi suna tsallake kogi kadoji na jiransu, sai ya yanki tikiti a watan da ya samu hutu. Wannan ƙaura ta nyumbu (wata dabbar daji mai ƙaho mai kama da saniya) da jakunan dawa, sama da miliyan ɗaya, tana isa Mara ne wajen Yuli zuwa Oktoba. A Fabrairu suna can kudancin Serengeti, yankin Ndutu, suna haihuwa. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi. Farashi na sauka, amma hanyoyi na caɓewa, wasu sansanonin ma rufewa suke yi. A farkon Mayun 2024 kogin Talek ya yi ambaliya ya shanye sansanoni, har sai da aka kwashe baƙi da jirage masu saukar ungulu. Ko a lokacin ƙaurar ma, tsallake kogi ba shi da jadawali. Za a iya yin awa uku a bakin ruwa garken ya juya ya koma. Wanda ya ware kwana biyu kacal don wannan kallo caca ya yi, uku zuwa huɗu ya fi.

Sai ka tambaya ƙarara ko kuɗin shiga gandun dajin Masai Mara yana cikin farashin da aka ba ka. Tun 2024, baƙo baligi daga wajen Gabashin Afirka yana biyan dala 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba, kuma ɗan Najeriya a wannan sahun yake. Iyali mai mutum huɗu da ba su yi wannan tambayar ba za su ji a jikinsu a bakin ƙofa. Ka kuma tambayi inda sansanin yake. Da yawa masu araha suna wajen ƙofofin Sekenani ko Talek ne, kullum sai an yi layi an shiga. Akwai kuma filayen da Masai suka ba da haya aka mayar da su wurin kare dabbobi, irin Naboisho da Olare Motorogi da Mara North. Sun fi tsada, amma motoci ba su da yawa, kuma a can ana yarda da fita da dare da tafiya a ƙasa tare da jagora, abin da ba a yi a cikin babban gandun. Mai ƙananan yara ya tambayi iyakar shekaru, don sansanoni marasa shinge da dama ba sa karɓarsu.

Kada ka dogara da katin banki, sabis na ɗaukewa. Ka riƙe tsabar kuɗi, shilin na Kenya ko dala sababbi marasa yagewa, don tsofaffin takardun dala ana ƙin karɓarsu. Na goron direba a hannunsa ake ba shi ranar tafiya. Na sauran ma'aikata, masu girki da wanki da gadi, akwai akwati a wurin karɓar baƙi da ake sawa su raba.

A cikin mota kuwa, abin da ya fi ɓata wa jagora rai shi ne surutu da ƙarfi, da kiran gida ta bidiyo ana «ga zaki, ga zaki!», da tafawa don dabba ta ɗago kai. Dabbobin sun saba da mota a matsayin abu guda, idan ka miƙe ka zuro jiki waje ka ɓata wannan. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto ba a yarda da shi ba sai da izini na musamman. Matsa wa direba ya sauka daga hanya don a matso kusa da damisa shi ake ci tara, wani lokacin har ya shafi aikinsa. Idan kuma kuka ratsa ƙauyen Masai, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, kuma ku daidaita kan abin da za ka bayar tun kafin ka ɗauki hoton.