Darasi na 9: Wutar Hunturu da Hadarin Bazara

Duk wanda ya kwana biyu a Kumasi ya san ranar da hunturu ke shigowa. Za ka tashi da asuba ka ji ruwan buta ya yi sanyi, leɓe ya tsage, ƙura ta kwanta a kan kwanuka, hazo ya rufe gari har rana ta yi kamar farin wata. Wankin da aka shanya da hantsi ya bushe kafin azahar. Wannan iska daga arewa maso gabas take tasowa, daga hamadar Sahara, kuma ba ta ɗauke da laima. Tana zuwa mana daga Disamba zuwa Fabrairu. To, iskar da ta busar da wanki ita ce ta busar da katakon kiyos, da rufin rumfa, da ciyawar bayan gari, da tarin gwanjo a kasuwa. Komai ya zama makamashi, jiran tartsatsi kawai yake.

Kafin mu shiga, ga kalmomin yau. Ku karanta da ƙarfi, ku rubuta kowace sau uku: gobara, tartsatsi, garwashi, hayaƙi, walƙiya, tsawa. Ku lura da ƙugiyar da ke kan ƙ a hayaƙi da walƙiya, ba ɗaya take da k ta kasuwa ba.

Duwatsun murhu

Iyayena mata, kun fi kowa sanin murhu. Duwatsu uku ke riƙe tukunya, in an zare ɗaya ta kife. Haka wuta take, abu uku ke riƙe da ita: abin da za ta ci, da zafi, da iska. Mai kashe wuta ɗayan ukun nan yake zarewa. In ya zuba ruwa, zafi ya cire. In ya kifa murfi ko ya zuba yashi, iska ya toshe. In ya janye katako da kwalaye daga gabanta, abincinta ya ɗauke.

Amma ba kowace wuta ake zuba wa ruwa ba, a nan ne mutane ke cutar kansu. Man suya in ya kama a kasko, aka watsa masa ruwa, tashi zai yi ya fantsama a fuska da jiki. Hajiya mai ƙosai, murfin ƙarfe za ki kifa a kai, ki kashe gas ko ki janye itace, ki bar shi ya huce, kada ki ɗauki kaskon ki ce za ki fita da shi. Wutar lantarki ma ba ta son ruwa, domin ruwa na ɗaukar lantarki ya kai wa mai zubawa. A fara kashe babban makunnin da ke kusa da mita, sannan a zuba yashi. In kuwa kin ji warin gas a kicin, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin fitila. Rufe kan tukunyar gas ɗin, buɗe ƙofa da taga, fitar da yara. Gwajin yoyon gas da ruwan sabulu ake yi: a shafa a mahaɗar tiyo, in kumfa ya tashi, akwai yoyo.

Daren da ɗaki ya ƙone a gidanmu

Wata shekara da hunturu, a gidan hayar da nake zaune a Aboabo, wani maƙwabcinmu yana guga aka ɗauke wuta. Ya ajiye dutsen gugar a kan tebur bai zare waya ba, ya tafi wajen aikin dare. Can tsakar dare aka dawo da wuta. Kafin wani ya farka, tebur ya kama, labule ya kama, katifa ta kama. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma ɗakuna biyu sun tafi. Abin da ya tsaya mini a rai har yau abu biyu ne. Yaron da ya buga waya ya kasa kwatanta gidan, sai cewa yake kusa da masallaci, a unguwar da kowane lungu ke da masallaci. Da motar kashe gobara ta iso kuma, ba ta sami hanyar shiga ba, domin mu da hannunmu muka cike lungun da kiyos da tebura da bencina.

Saboda haka nake roƙon ku, in an ɗauke wuta, ku zaga ku zare dutsen guga da abin dafa ruwa da duk wani abu mai zafi. Kada a kafa kyandir a kan roba ko kusa da labule. Maganin sauro na kunnawa a nisanta shi da katifa da gidan sauro. Murhun gawayi da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi yana da haɗari biyu, ga gobara, ga iskar gawayi marar wari da ke kashe mai barci a rufaffen ɗaki. Wannan ba sabon gargaɗi ba ne a wurinmu. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta.

Tagogin yawancin ɗakunanmu ƙarfe aka yi musu saboda ɓarayi, ƙofa ɗaya ce mafita. Mabuɗi ya kwana a wuri ɗaya da kowa ya sani, har yara. In hayaƙi ya cika ɗaki, a rarrafa, domin hayaƙi sama yake tashi, iskar shaƙa tana ƙasa. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, gudu hura ta yake yi. Ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. Ban da man goge haƙori, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. Babbar ƙuna a wuce da ita Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye.

'Yan kasuwa kuwa ba sai na daɗe ina magana ba. Wuta ta ci kasuwar Kantamanto a Akara a farkon Janairu 2025, ba a yi wata uku ba ta ci shaguna a Adum a nan Kumasi cikin Maris. Sabuwar kasuwar Kejetiya ma ta sha wuta a Maris 2023. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ka kulle shago ka kashe makunni, kada ka bar garwashi a rufe da toka ka ce ya mutu, kada ka jona wayoyi biyar a soket ɗaya.

Wutar daji

Wani zai ce mu 'yan birni ne, ina ruwanmu da daji. Da yawanmu muna da gona a Ejura ko Atebubu, wasu suna sarin masara da doya a Techiman, wasu suna da shanu a hannun makiyaya. Dattawan ajin nan sun ga 1983. Ruwa ya ƙi sauka, wutar daji ta cinye gonakin abinci da na koko a faɗin ƙasa, ga kuma 'yan Gana kusan miliyan 1 da aka koro daga Najeriya a farkon shekarar sun dawo suna neman abin kai wa baki. Wanda ya ga yunwar shekarar ba ya wasa da ashana a daji. A 1990 gwamnati ta kafa dokar hana cinna wa daji wuta, mai lamba 229.

Da wuya wutar daji ta tashi da kanta, hannun mutum ne. Mafarauci ya cinna don ya koro nama, mai ɗibar zuma ya yar da bakin wuta, mai gawayi ya tafi ya bar rami yana ci, makiyayi ya ƙone tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro, direba ya wurgo guntun taba ta taga. Naman da mafarauci zai samu bai kai kuɗin buhun masara ɗaya ba, wutar kuwa sai ta ci rumbunan ƙauye guda, ta haɗa da turakun lantarki na katako.

Mai gona ya share kewayen gonarsa da rumbunsa tun Nuwamba, faɗin mita 3 ko fiye, ya zama ƙasa zalla babu ciyawa. In dole sai an ƙone shara, a yi da sassafe ko da yamma lis lokacin da iska ta kwanta, a sanar da maƙwabtan gona, a tanadi ruwa da ɗanyen ganye, kada a tafi sai toka ta huce. Wutar daji bin iska take yi, kuma ta fi gudu in tana hawa tudu. In ta tunkaro ka, kauce gefe, nufi inda ya riga ya ƙone, ko rafi, ko fili marar ciyawa. Direban da ya tarar hayaƙi ya rufe titi ya tsaya daga nesa ya kunna fitilu, kada ya kutsa yana zato.

Da hadari ya haɗu

Hunturu na wucewa sai zafi ya taso, daga Maris kuma hadari ya fara haɗowa, galibi daga gabas. Hadarin farkon damina shi ne mai faɗa. Iska ke riga ruwa isowa, ta yaye kwanon rufi, ta kayar da allon talla, ta tuge bishiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Fabrairu mai gida da 'yan haya su duba rufi, a ƙara ƙusa inda kwano ke kaɗawa, a sare busasshen reshen da ya yi rumfa a kan ɗaki. Duwatsu da tsoffin tayoyi da ake dannewa a kan rufi, in iska ta yi ƙarfi, a kan mutane suke faɗowa.

Inda mutum ya fake shi ke raba rai da mutuwa. A Maris 2017 hadari ya kayar da wata babbar bishiya a kan masu wanka a magangarar ruwa ta Kintampo, mutum kusan 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Daren 3 ga Yuni 2015 ruwa ya cika Akara, jama'a suka fake a wani gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, fetur ya malala a kan ruwa ya kama wuta, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Gindin bishiya da gidan mai da ƙarƙashin allon talla ba mafaka ba ne. A shiga ginin bulo mai rufi, ko mota mai rufin ƙarfe a rufe gilashi.

Ga wani lissafi mai sauƙi. Haske ya fi sauti gudu, shi ya sa kake ganin walƙiya kafin ka ji tsawa. In ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce tsakaninka da inda ta sauka. Amma muddin kunnenka na jin tsawa, kana inda za ta iya kaiwa. A kira yara daga filin ƙwallo, mai babur ya sauka, mai gyaran rufi ya sauko, kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji ta ba. A cikin gida a zare talabijin, kada a riƙe wayar da ke jone a caji. Wanda sallah ta riske shi ana irin wannan hadari ya tambayi limaminsa, akwai sauƙin yin ta a gida.

Akwai wata magana da nake so a daina. Wasu na cewa ba a taɓa wanda aradu ta faɗa wa, wai sai an yi masa wani abu tukuna. Babu sauran lantarki a jikinsa. Zuciyarsa ce kan tsaya, kuma in aka yi ta danna ƙirjinsa nan take ana iya ceto shi da ikon Allah. Wanda ba a taɓawa shi ne wanda wayar lantarki ta faɗo a kansa ko take cikin ruwan da yake ciki, har sai an kashe wutar. Wayar da ta faɗi a ƙaddara cewa tana da rai, a hana yara zuwa, a sanar da kamfanin wutar lantarki na ECG.

Sai rafin Aboabo da kwatocinmu. Da ruwa ya kece, sai ka ga an fito da bokitan shara ana juyewa a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina, a gada ta gaba take tsayawa ta toshe, ruwan ya dawo ɗakin wata tsohuwa da ba ta zubar da komai ba. Wannan zalunci ne ko ba a yi niyya ba. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ya ɗan wuce idon sawu, yana iya kayar da babba. Na santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. In ba ka ganin bakin kwata, kada ka taka. Hukumar hasashen yanayi ta Gana tana fitar da gargaɗin hadari a rediyo da waya, hukumar NADMO kuma ita ke kai agaji in bala'i ya auku.

Aikin aji

Lambar 'yan kashe gobara 192 ce. Lambar gaggawa ta kowane irin haɗari 112 ce. Ku rubuta su da manyan alƙaluma a littafinku. Sannan ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama mai kira, ɗaya mai amsawa. Mai kira ya faɗi abu huɗu a natse: me ya kama, wace unguwa, wace sananniyar alama ce kusa, akwai mutane a ciki ko babu. Wanda ba ya jin Turanci ya faɗa da Tiwi.

Ku amsa a rubuce. Ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa 9 kafin tsawa, kilomita nawa ke tsakani? Me ya sa ba a zuba wa man suya ruwa in ya kama? Wane dutse na murhu murfin tukunya ke zarewa?

Aikin gida: ka duba allon lambar adireshi da ke liƙe a bangon gidanku, ka kwafi haruffa da lambobin daidai. A ƙarƙashinsu ka rubuta sunan unguwa da sunan babban titi mafi kusa da alamar da baƙo zai gane. Ka yi kwafi biyu, ɗaya ka manna a bayan ƙofar zaure inda kowa zai gani, ɗaya ka zo da shi aji ranar Asabar mu duba rubutun tare.