Ƙwannafi: kurakuran da muke yi wajen kashe zafin ciki

Wanda ƙwannafi ya taɓa tasa tsakar dare ya san cewa abin da ke kusa shi ake raruma. A nan Maradi kuwa, kanwa ce ke kusa. A jiƙa ungurnu a sha, a yi gyatsa, zafi ya kwanta. Tabbas tana kashe tsamin ciki, amma cike take da sodiyom, sinadarin nan da ke cikin gishirin miya. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mace mai ciki, duk tana iya jawo musu kumburin jiki, ta ƙara wa zuciya nauyi. Na fi jin tausayin maijego da ake ɗura wa kunun kanwa safe da yamma, alhali zuciyarta ba ta gama hutawa daga wahalar haihuwa ba. Garin bikarbonat ma ɗan uwan kanwa ne, kada a mai da shi abin sha kullum.

Su ma magungunan farmasi irin su Maalox ana ɓata su da rashin sanin lokaci. Idan ciki babu komai, da wuri suke wucewa. A sha kamar awa 1 bayan cin abinci, ko sa'ad da zafin ya taso. Na ruwa a girgiza kwalbar, na ƙwaya a tauna sosai. Omeprazol dabam ne: rage fitar tsamin yake yi, don haka minti 30 kafin karin kumallo ake shan sa, mai azumi kuma kafin sahur.

Ga kuskuren da ba a cika lura da shi ba: haɗa maganin ƙwannafi irin su Maalox da ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awo, ko da magungunan kashe ƙwayoyin cuta siprofloksasin da doksisiklin. Yakan riƙe su a hanji, jiki bai samu ba. A bar aƙalla awa 2 tsakani, a kuma tambayi mai farmasi.

Sai masu sayen ibuprofen ko diklofenak wurin mai talla don ciwon jiki, su bi da shayi mai kauri ba su ci komai ba. Waɗannan ƙwayoyi ne ke cin bangon ciki. Madara ma sanyin ɗan lokaci ce kawai.

Idan mako 2 ya wuce kana shan maganin ƙwannafi zafin yana dawowa, je wurin likita. Sau da yawa ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke haddasa gyambon ciki, kuma tana da maganinta. Amma aman jini, baƙin kashi kamar kwalta, rama, wahalar haɗiya, ko ciwon ƙirji mai sauka hannu da gumi, waɗannan ba a kwana da su a gida.