Darasi na Bakwai: Lasin Aure da Takardar Shaidar Aure a Kotun Gunduma a Amurka

Wannan darasi na 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka, da masu shirin aurar da ɗa ko 'ya a can. A karanta shi a hankali. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya samu wani ya karanta masa sau biyu, sannan ya gwada da kansa.

A gida, idan waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, aka ambaci sadaki, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha aka raba goro, aure ya ɗauru. Duk unguwa ta sani. Ko bayan shekara talatin gardama ta tashi, ba za a rasa dattijon da zai ce yana wurin ba. A Amurka ba mai zuwa neman dattijon unguwa. Asibiti, ofishin shige da fice, kamfanin inshora, kotun rabon gado, duk tambayarsu ɗaya ce: ina takarda?

Takardun nan guda biyu ne

Mutane da yawa suna haɗa su, kuma daga nan matsala take farawa. Ta farko ita ce lasin aure. Izini ne daga hukuma cewa wane da wance suna iya yin aure. Ana karɓarsa kafin ɗaurin aure. Ta biyu ita ce takardar shaidar aure, wadda wasu ke kira satifiket. Ita ce ke nuna an ɗaura auren, ranar kaza, a wuri kaza, kuma hukuma ta shigar da shi cikin kundinta. Wanda ya karɓi lasi ya ajiye a akwati, a wurin hukuma bai yi aure ba tukuna.

Ina za a je?

Amurka tana da jihohi 50, kuma kowace jiha da dokar aurenta. An raba jihohin zuwa gundumomi fiye da 3,000. Gunduma, wadda a can ake ce wa kawunti, ta yi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu. A jihohi kamar Maryland, Virginia, Ohio da Georgia, a kotun gunduma ake karɓar lasi. A Texas ofishin akawun gunduma ne ke bayarwa, a birnin New York kuwa ofishin akawun birni. Kada kalmar kotu ta tsorata kowa. Ba shari'a za a yi ba, ba kuma alƙali za a gani ba. Wurin akawu za a je, a tsaya gaban kanta kamar a banki.

Za mu ɗauki Maryland mu bi ta daki-daki, domin wanda ya gane ta zai iya tambayar yadda tasa jihar take. Tana da gundumomi 23, ga kuma birnin Baltimore da ke zaman kansa. A kowanne akwai kotun da aka rubuta Circuit Court a ƙofarta. Ku kwafi waɗannan kalmomi biyu a littafinku domin ku gane su idan kun gani. Ta gundumar Prince George's tana garin Upper Marlboro, ta Montgomery tana Rockville.

Ga abin da ya fi yawan kayar da mutane: a Maryland, lasin gundumar da za a ɗaura auren ake karɓa, ba na gundumar da ake zaune ba. Idan gidanku yana Montgomery amma masallacin da za a yi ɗaurin aure yana Prince George's, Upper Marlboro za ku nufa. Ku tambayi liman sunan gundumar masallacinsa tun kafin ku bar gida, ku kuma buga wa kotun waya ku ji ko sai an sa muku rana.

Abin da akawu zai tambaya

A Maryland mutum ɗaya daga cikin masu auren ya isa ya je, muddin yana riƙe da bayanan ɗayan. A Ohio dole su je tare. A tafi da fasfo ko lasin tuƙi. Akawu zai nemi cikakken suna, adireshi, shekarun haihuwa, da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum, ga mai ita. Zai tambaya ko akwai dangantaka ta jini tsakaninku. Zai kuma tambaya ko ɗayanku ya taɓa aure, da yadda auren ya ƙare, mutuwa ce ko saki, yaushe kuma a ina. Sannan a rantsar da mutum cewa abin da ya faɗa gaskiya ne. Ƙarya a wannan wuri laifi ce da doka ke hukuntawa.

Tambayar dangantaka ta shafe mu sosai saboda auren zumunci. Maryland da New York sun yarda ɗan wa ya auri 'yar ƙani. Ohio da Texas ba su yarda ba. Iyayen da ke shirin haɗa 'ya'yansu su san wannan tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Tambayar auren baya ta fi ta nauyi. A dukkan jihohi 50 doka ba ta yarda mutum ya riƙe aure biyu a lokaci ɗaya ba. Mai mata a gida, wadda igiyarsa ke kanta, mai aure ne ko da matar ba ta taɓa taka ƙasar ba. Kotu ba za ta ba shi lasin wani aure ba. Wanda ya ɓoye, ranar da zai nemi takardun zama ko ya so ya kawo iyali, maganar za ta fito, kuma matan biyu ne za su fi shan wahalarta.

A kula da rubutun suna. Muhammad, Mohammed da Mahamadou duk suna ɗaya ne a kunnenmu, amma a kwamfutar hukuma mutum uku ne. A rubuta shi harafi bayan harafi yadda yake a fasfo. Haka ma kwanan wata: Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. Idan ka ga 03/04/1990, ranar 4 ga Maris ake nufi, ba 3 ga Afrilu ba. Kafin ka sa hannu, ɗora yatsa a kan kowane layi ka bi. Idan ba ka gane ba, ka ce a karanta maka. Ba abin kunya ba ne, akawun don haka yake wurin, kuma gyara bayan an shigar da takarda yana cin lokaci da kuɗi.

Kuɗin lasi ya bambanta. A Montgomery dala 55 ne, a Prince George's dala 70, a birnin Baltimore dala 85. Farashi yana canzawa, saboda haka a tambaya, a kuma ji ko suna karɓar kati ko sai tsabar kuɗi.

Kotun ba ta neman gwajin jini. Amma mu da muka san ciwon sikila, muka ga yaro yana birgima cikin dare saboda ciwon ƙashi, bai kamata mu jira hukuma ta tilasta mana ba. A je asibiti a gwada.

Ƙirga kwanaki

Lasin Maryland ba ya fara aiki ranar da aka bayar da shi. Sai ƙarfe 6 na safiyar jibi. Daga nan yana da wata shida kafin ya mutu. A New York ana jiran awa 24, kuma yana kwana 60. A Texas ana jiran awa 72, yana kwana 90. A Ohio babu jira, amma kwana 60 ne iyakarsa.

Karanta wannan hira da abokin zamanka, ɗaya ya zama kawu, ɗaya ya zama ɗa:

"Kawu, barka da yamma. An sa ɗaurin auren ranar Asabar bayan Azahar."
"Madalla, ɗana. Allah Ya sanya alheri. Ka karɓo lasin?"
"A'a, Kawu. Na ce ranar Juma'a zan biya ta kotun idan an sauko daga masallaci."
"Ƙirga mini. Ka karɓa Juma'a, jibi wace rana ke nan?"
"Lahadi."
"To, ka gani. Asabar lasinka bai fara aiki ba, ga mutane sun taru daga jihohi uku. Nemi izini a wurin aiki ka je Litinin ko Talata."
"To, Kawu. Na gode, Allah Ya ƙara girma."

Ranar ɗaurin aure da bayanta

A kai wa liman lasin kafin a fara. Dokar Maryland ta yarda malamin addini da jama'arsa suka amince masa ya ɗaura aure, saboda haka ɗaurin auren masallaci shi ne na hukuma, ba sai an yi biyu ba. A Ohio, Virginia da birnin New York sai liman ko fasto ya yi rajista da hukuma tukuna, don haka a tambaye shi. Wani bambanci da al'adarmu: yawancin jihohi suna so ango da amarya su kasance a wurin da kansu. Waliyyi ya yi nasa aikin na addini, amma amarya ta halarta, ko da a ɓangaren mata ne.

Lasin Maryland yana zuwa da takardun shaida biyu. Liman zai cike su ya sa hannu, ya miƙa ɗaya ga ma'aurata, ɗayar kuma ya mayar wa kotu cikin kwana 5. Wannan mayarwa ita ce ke shigar da auren cikin kundi.

A nan nake so ku tsaya. Na taɓa raka wata baiwar Allah kotu bayan rasuwar mijinta. Shekara tara suna tare, 'ya'ya uku. Wurin aikinsa sun ce ta kawo shaidar aure kafin a sake mata haƙƙinsa. Ta zo da ambulan mai ruwan ƙasa, ta fito da hotunan biki da katin gayyata ta jera a kan teburin akawu. Akawu ya duba kwamfuta, ya sake dubawa da wani rubutun sunan, ya ce ya ga an karɓi lasi amma ba a taɓa dawo da shaidar ɗaurin aure ba. Ba ta ce komai ba. Ta tattara hotunan ɗaya bayan ɗaya, hannunta yana rawa. Wanda ya ɗaura auren ba mugu ba ne, mantuwa ce, kuma ya daɗe da barin garin. Sai da aka nemi lauya, aka nemo waɗanda suka halarta, aka yi watanni tana cikin takaba tana zirga-zirga. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin waya ɗaya bayan biki da ta hana duk wannan. Bayan mako biyu ko uku da ɗaurin aure, ku kira kotu ku ji ko takardar ta iso. Mata, kada ku bar wa maigida wannan shi kaɗai.

Neman kwafin shaidar aure

Hukumomi ba kasafai suke karɓar hoton takarda ko wadda liman ya miƙa muku ba. Kwafi mai hatimin kotu suke so. Ana samunsa a kotun da ta bayar da lasin, ko da kun ƙaura zuwa wata jiha. Za a tambayi sunan miji, sunan mata kafin aure, da ranar auren. A Maryland kowane kwafi dala 5 ne da santi 50, kuma ana iya nema ta gidan waya. Ku karɓi uku. Ɗaya a hannun miji, ɗaya a hannun mata, ɗaya don aikawa inda aka buƙata. Doka ba ta tilasta wa mace canza sunan mahaifinta ba, amma wadda ta so, wannan kwafin za ta nuna.

Wanda aka ɗaura masa aure a Kano, Damagaram ko Kumasi bisa dokar can, ba ya buƙatar sabon lasi don ya sake auren matarsa. Shaidar can zai nemo, a fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu cewa daidai take. Idan kuma yana Amurka aka ɗaura a bayan idonsa, hukumar shige da fice ba ta lissafa auren sai ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. A ajiye tikitin jirgi da tambarin fasfo.

Sakin baki, ko na takardar hannu, ba ya warware auren da kotu ta rubuta. Sai alƙali ya yanke, ya ba da takarda. Macen da ta gama idda ba ta da wannan takarda ba za ta samu lasin sabon aure ba, shi ma mijin haka.

Aikin aji

Ɗauko fasfonka ko katin shaidarka. Rubuta sunanka da manyan baƙaƙe yadda yake a ciki, sau uku. A ƙarƙashinsa rubuta ranar haihuwarka irin ta Amurka, wata a gaba. Sannan amsa wannan: za a ɗaura aure ranar Juma'a bayan sallah a Rockville. Wace rana ce ta ƙarshe da za a iya karɓar lasi? Mai aure kuma ya dubo takardar aurensa a gida yau da dare, ya ga ko akwai hatimin kotu a jikinta, ya zo ya gaya mana a zama na gaba.