Yadda Ake Ajiye Sharar PCB Bisa Doka Kafin A Lalata Ta

PCB rukuni ne na sinadarai 209 da aka fara sarrafawa don kasuwa a Amurka a 1929, aka riƙa zuba su cikin taransifoma da kafasita (na'urar tara cajin lantarki) saboda ba sa saurin kamawa da wuta. Juriyar da ta sa aka so su ita ce kuma illarsu, domin ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, suna taruwa a kitsen kifi da dabba da mutum, kuma a 2013 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya su cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Najeriya da Nijar suke ciki, ta sanya 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da na'urorin da ke ɗauke da su, da 2028 don kammala kawar da shararsu. Ƙa'idojin da za a bi a nan na Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ne, sashe na 761.65 na dokokinta, saboda sun fayyace kowane ma'auni. Wanda ke wata ƙasa sai ya haɗa su da sharuɗɗan hukumarsa, kamar NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya.

Aikin farko shi ne gwaji. Dokar tana hawa kan duk abin da PCB ɗinsa ya kai miligiram 50 a kowane kilogiram, kuma taransifomar da manta ya kai 500 tana cikin aji mafi tsanani. Sunaye irin su Askarel, Pyranol, Aroclor ko Clophen a farantin jikin na'ura suna nuna akwai PCB, amma rashin ganinsu ba ya wanke ta, domin man da asalinsa mai tsabta ne yakan gurɓata a wurin gyara idan an yi amfani da famfo ko tiyon da ya taɓa gurɓataccen mai. Doka ta kuma toshe dabarar surka gurɓataccen mai da mai kyau don awon ya sauko ƙasa da 50. Wanda ya yi haka ya ƙara yawan shararsa ne kawai.

Ranar da aka cire kaya daga aiki da niyyar zubarwa, a rubuta ta a jikinsa da abin da ba ya gogewa. Daga wannan rana mai kaya yana da shekara ɗaya tak ya tabbatar an lalata shi, kuma lissafin ba ya tsayawa don an ɗora shi a mota ko an miƙa shi ga wani mai sito. A ganina wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowanne nauyi, domin sito komai ingancinsa wurin jira ne, kuma duron da aka manta da shi tsatsa ce za ta buɗe shi. Saboda haka a jera kaya ta yadda za a iya isa ga kowanne bisa kwanan watansa, wanda ya fi daɗewa ya fara fita.

Ginin kansa yana bukatar rufi da bango da za su hana ruwan sama taɓa kaya, kuma ba a gina shi a wurin da ambaliya irin ta sau ɗaya a shekara 100 za ta iya kaiwa. Daɓen zai kasance na kankare ko wani abu mai santsi da ba ya tsotsar mai, a kewaye shi da dakali marar yankewa wanda tsayinsa bai gaza inci 6 ba, wato kimanin santimita 15. Ba a yarda da magudanar ruwa, ko bawul, ko bututun bahaya, ko tsagin da magina kan bari a kankare ba. Magini zai so ya bar kafar fitar da ruwan wanki kamar yadda ya saba, don haka a gaya masa tun kafin ya zuba siminti cewa wannan ɗaki ba a so komai ya fita daga cikinsa. Ƙofa ma ba uzuri ba ce; a yi mata gangara ta haye dakalin maimakon a yanke shi.

Sai lissafin abin da daɓen zai iya tarewa idan mai ya zube. Ana duba adadi biyu a ɗauki wanda ya fi yawa: ninki biyu na cikin mazubi mafi girma, ko kashi 25 cikin 100 na jimillar cikin dukkan mazuban. Idan akwai duro 40 masu cin lita 200 kowanne, lissafin farko ya ba da lita 400, na biyu kuma lita 2,000, saboda haka 2,000 za a bi. Da dakalin santimita 15, kowane murabba'in mita yana tare lita 150, wato ana bukatar sama da murabba'in mita 13 na sarari, ban da wurin da gindin durukan ya cinye. Taransifoma babba guda ɗaya tana iya sauya lissafin gaba ɗaya, don haka a sake shi duk lokacin da sabon kaya ya shigo.

Mazuban su zama irin waɗanda dokar safarar kaya masu haɗari ta amince da su, kuma a manna wa kowanne da ƙofar siton alamar gargaɗi mai baƙin rubutu a kan ruwan ɗorawa ko fari, mai faɗin inci 6 ta kowane gefe. Ana duba yoyo aƙalla sau ɗaya a kwana 30, a rubuta a rajista. Abin da ke yoyo a mayar da shi cikin lafiyayyen mazubi nan take, tsummoki da safar hannu da abin da aka tsane man da shi kuma duk sun zama shara irin ta farko. Famfo ko kayan aikin da suka taɓa man ba sa barin siton sai an tsabtace su.

Akwai sassauci na kwana 30 a wajen irin wannan gini ga na'urar da ba ta yoyo, da wadda ke yoyo amma aka sa ta cikin mazubi mai isasshen abin tsotse mai, da duron gurɓatacciyar ƙasa ko tsummoki, muddin an rubuta ranar cirewa. Duron mai kuwa sai an tanadi rubutaccen tsarin hana malala. Abin da barin duro a fili yake jawowa an gan shi a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a Najeriya a 1988, lokacin da aka jibge dubban durukan shara mai guba daga Italiya, har da PCB, suka yi ta yoyo a rana da ruwan sama, lamarin da ya haifar da Doka ta 42 ta shekarar mai hukuncin ɗaurin rai da rai.

Dokar ba ta tsawaita kan gobara a wannan sashe ba, amma mai hankali zai nesanta siton daga fetur da wurin walda, domin PCB idan ya ƙone a wutar da ba ta kai ba yana rikiɗewa zuwa wasu sinadarai da suka fi shi guba. Gobarar 1981 da ta shafi taransifoma mai PCB a wani dogon ginin gwamnati a Binghamton ta jihar New York ta sa ba a sake buɗe shi ba sai 1994. A kuma sa wa ƙofa kwaɗo mai kyau, tunda man taransifoma yana da masu saye a bayan fage, kuma idan ya shiga abinci ana iya maimaita abin da ya faru a Japan a 1968, inda gurɓataccen man dusar shinkafa ya illata dubban mutane.

Idan lokacin fitarwa ya yi, kaya ba sa tafiya sai da takardar rakiya mai sa hannun mai kaya da mai jigila da mai karɓa. Wurin ƙona ruwan PCB dole ya riƙe shi daƙiƙa 2 a zafin digiri 1,200 na ma'aunin Celsius, ko daƙiƙa ɗaya da rabi a 1,600, sannan ya aiko da takardar shaidar lalatawa cikin kwana 30 da kammala aikin. A ajiye ta tare da rajistar duba yoyo, domin su jami'in bincike zai fara nema, kuma wanda ya ajiye kilogiram 45 ko fiye a mazubai zai haɗa rajistar shekarar da ta gabata zuwa ranar 1 ga Yuli.