Yadda Ake Kafa Zango a Gandun Dajin Manyan Tsaunuka

Tafiyar kwanaki a tsaunuka masu ƙanƙara iri biyu ce. Ko dai mutum ya riƙa tashi da kayansa kullum, ko ya kafa zango ɗaya, ya fita da asuba da 'yar jaka, ya dawo ya kwana. Ta biyun ta fi wa sabon shiga sauƙi, in har ya iya zaɓen wuri.

Fara duba dokar gandun. A gandun Yosemite na Amurka sai da takardar izini ake kwana a daji, abinci kuma dole ya shiga gwangwanin da beyar, wata babbar dabbar daji, ba ta iya buɗewa. Gandun ƙasa na Siwizalan, wanda aka kafa a 1914, ya hana kafa tanti kwata-kwata.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne tsayin wurin kwana. Daga mita 2,500 iskar shaƙa ke fara yi wa jiki kaɗan, sai ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci. Da zarar ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Hau sama da rana yadda kake so, amma ka sauko ka kwana. Wanda ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take ko da dare ne. Jiran gari ya waye ganganci ne.

Kada kyan kwari ya ruɗe ka. Iska mai sanyi tana gangarowa da dare ta taru a ƙasa, don haka ɗan tudun da ke gefe ya fi ɗumi. Bar tazarar mita 60 tsakaninka da ruwa, ka guji gindin gangaren da ka ga tsakuwa da duwatsu sun zube, alama ce wasu na tafe. Juya wa iska bayan tanti. Inda turke bai shiga ba, ɗaura igiya a dutse ka danne da wani.

Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 ta hawa. Sanyin dare kuwa ta ƙasa yake shiga jiki, shi ya sa shimfiɗa mai kauri take da muhimmanci kamar jakar barci. Rigar auduga tana riƙe gumi ta daskarar da mai ita, a ɗauki ta ulu ko ta roba.

A mita 3,000 ruwa na tafasa a kusan digiri 90, girki kan daɗe, gas ya ƙare da wuri. Bar ruwan sha ya yi minti 3 yana tafasa. Ba a girki cikin rufaffen tanti, hayaƙin murhu ba ya wari amma yana kisa.

Wajen lissafin tafiya, ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, ka ƙara awa ga kowace mita 600 ta hawa. Da bazara hadari ya fi haɗuwa bayan tsakar rana, saboda haka sha biyu ta same ka kana saukowa daga ƙololuwa, ko ka kai ko ba ka kai ba.