Yadda Ake Fita Kallon Faɗuwar Rana a Jirgi Mai Filafilai

Duk garin shaƙatawa da ke bakin teku za ka tarar da allunan talla iri ɗaya: jirgi ya buɗe filafilai, rana ta yi jajir a bayansa. Masu tallan za su tare ka, kowa na rantsuwa nasa ya fi. Yawancinsu za su kai ka su dawo da kai lafiya, wannan ba matsala ba ce. Amma ko fitar za ta yi armashi ko za ka ce da ma a bakin ruwa ka zauna, ya danganta ne da 'yan tambayoyin da ka yi kafin ka miƙa kuɗi.

Fara da taswirar wayarka. Gaɓar da kake, ina ta fuskanta? In yamma ta kalla, rana cikin ruwa za ta faɗa. In gabas ta kalla, bayan gari ko bayan duwatsu za ta ɓuya, kuma da wuri. Jidda da Hurgada duk a Bahar Maliya suke, amma a Jidda rana na nitsewa cikin teku, a Hurgada kuwa duwatsun hamadar Masar ne ke haɗiye ta. A tsibirin Zanzibar ma haka: Kendwa da tsohon birni na kallon yamma, Paje na kallon gabas, ita ta masu son fitowar rana ce. Gaɓar gabas ba asara ba ce, domin in jirgi ya yi nisa ka waiwayo, za ka ga sama ta yi ja a bayan gari fitilu na kamawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ni ina son wannan. Sai dai ka san abin da ka saya. Ka kuma tuna cewa rana ba ta faɗuwa a wuri guda duk shekara. Wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba ne take faɗuwa yamma sak. A Yuni tana karkata arewa, a Disamba kudu. Hoton da ke jikin allo wataƙila a wani watan aka ɗauke shi, yau kuma wani tsibiri ya tare wurin.

Sai jirgin kansa. Katamaran mai ciki biyu ne, faffaɗa, ba ya karkata sosai, kuma yana da raga a gaba inda ake kwanciya ana ganin ruwa na wucewa a ƙasa. In kana tare da yara, ko dattawa, ko wanda bai taɓa hawa teku ba, shi za ka nema, kada ka tsaya dogon tunani. Jirgi mai ciki ɗaya kuwa da iska ta cika filafilansa sai ya kwanta gefe guda, ruwa na gudu kusa da ƙafarka. Sabon shiga kan ɗauka kifewa zai yi, alhali akwai nauyin ƙarfe ko dalma a can ƙarƙashinsa da ke riƙe shi. Ni shi na fi so, don a cikinsa ake jin cewa iska ce ke tafiya da mutum. A gaɓar Afirka ta Gabas da Oman akwai kuma jirgin katako na gargajiya da ake kira daw, mai filafili ɗaya mai kusurwa uku. Kyau kam babu kamarsa, amma kujerunsa katako ne, wani ma babu ban ɗaki, don haka ka tambaya.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda mutane ba su cika yi ba, ita ce: "Za ku ɗaga filafilai ku kashe inji?" Jirage da yawa ado kawai suke yi da filafilan, injin dizal na ruri tun fita har dawowa. Ba kullum laifinsu ba ne, yanayin iskar bakin teku ne ya jawo. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke bisa ƙasar ta tashi sama, mai sanyi ta kwararo daga teku ta maye gurbinta. Wannan iska tana ƙarfi ne daga azahar zuwa la'asar. Da rana ta yi ƙasa, tudu ya fara hucewa, sai ta lafa, wani lokacin ta ɗauke ɗif daidai lokacin faɗuwar rana, kafin cikin dare ta juya ta riƙa busowa daga tudu. Ka ga ke nan jirgin da zai tashi saura minti 40 rana ta faɗi ya riga ya makara, da inji zai je da inji zai dawo. Nemi wanda ke tashi saura kamar awa biyu, ka samu iskar la'asar sakaliya ka more tuƙin, in ya so daga baya ko ta mutu ba ka yi asara ba. Akwai wuraren da iskar yanayi ke busawa dare da rana ba ta jin wannan doka, kyaftin ɗin wurin shi ya san tasa. In ka tambaye shi ya ce "sai yadda iska ta yi," mai gaskiya ne. Wanda ya yi maka alkawarin iska, shi za ka yi wa kallon tsaf.

Tambayi kuma mutum nawa za a ɗauka, da irin fitar. Wasu jiragen na shagali ne, kiɗa har kunne ya toshe, ga giya, ga rawa. Wasu mutum goma ne ko ƙasa da haka, ba ka jin komai sai ruwa. Kowanne da masu sonsa, amma a allon talla sunansu ɗaya. Sannan ka ji ƙarfe nawa ake dawowa. Jirgin da zai juya da zarar rana ta nitse ya yanke maka rabin abin da ka je gani. Zan dawo kan wannan.

Da safen ranar, duba hasashen iska, kada ka tsaya kan na ruwan sama kawai. Masu jirgi na amfani da ma'aunin da Francis Beaufort, hafsan sojan ruwan Ingila, ya tsara a 1805. Mataki na 3, wato iska mai gudun kilomita 12 zuwa 19 a awa, da mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28, su ne daɗin tafiya. A mataki na 5 kumfa ya fara fari a ko'ina bisa teku, za ka jiƙe, masu raunin ciki za su sha wuya. Daga na 6 zuwa sama, kilomita 39 ke nan, ka bar wa masu sana'ar. In kyaftin ya soke fita saboda iska, kada ka yi masa ƙorafi, kuma kada ka koma wurin na kusa da shi da ya ce shi zai fita. Shi ya sa ya fi kyau ka sa wannan fita a farkon kwanakin hutunka, in an ɗage ka sami wata ranar. Tun wajen biya ka ji ko ana mayar da kuɗi.

Kafin a kwance igiya, idonka ya ga rigunan ceto, ba a ce maka "suna ciki" ba. In da yaro, a gwada masa tasa a tashar, domin ta manya zamewa take yi ta kan yaro in ya shiga ruwa. Jirgin kirki yana da lasisin ɗaukar fasinja, da rediyon kiran agaji, kuma ma'aikatansa kan yi bayanin minti biyu kafin tashi. In ka ga ana ta cusa mutane an wuce adadin kujeru, sauka.

Kaya kaɗan ne. Riga mai dogon hannu ko 'yar jaket, ko da garin zafi ake kamar me, don da rana ta faɗi iskar ruwa kan jiƙaƙƙen jiki sanyi ce da ita. Tabarau, man kare fata daga rana, hula mai igiya. Marar igiya ta teku ce. Duk abin da ke kaɗawa, gyale ko babbar riga, a ɗaure shi, saboda igiyoyi da na'urar naɗe su ba su san wasa ba. Takalmi kuwa a jirage da yawa kwando ake miƙo maka ka jefa a ciki, ka hau da ƙafa. A wasu gaɓoɓin babu gadar hawa, in ruwa ya janye sai ka taka cikinsa zuwa gwiwa ka shiga ƙaramin kwalekwale ya kai ka, to ka sa abin da zai naɗu.

Jiri da amai suna zuwa ne daga saɓani tsakanin ido da cikin kunne: kunne na jin ana lilo, ido na kallon bango ko waya yana cewa a tsaye ake. Maganinsa ka sulhunta su. Zauna a sarari, wajen tsakiyar jirgi ko ɗan baya, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Kada ka sauka ɗakin ƙasa, kada ka karanta saƙo. Kada ka hau da yunwa, kada kuma ka cika ciki da maiƙo. Citta na taimakon wasu. Ƙwayoyi irin su dimenhydrinate da meclizine sai an sha su kamar awa ɗaya kafin tashi suke aiki, in jiri ya riga ya kama ka sun makara, kuma suna sa barci. Mai ciki, da yara, da mai shan wani magani su tambayi likita tukuna. In abin ya zo duk da haka, je gefen da iska ke fita, ba wanda take shigowa ba. Ma'aikatan sun ga dubunka, babu abin kunya.

A cikin jirgi dokoki biyu sun isa. Duk inda za ka motsa, hannu ɗaya na riƙe da wani abu. Sannan ka kiyayi sandar da ke kwance a gindin babban filafili. Jirgi ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya yanke ta a karkace, wajen digiri 45, ya juya ya yanko ta ɗaya gefen. A kowace juyawa sandar nan na sharo tsakiyar jirgi daga gefe zuwa gefe, daidai tsayin kan mutum. Da ka ji kyaftin ya ɗaga murya, sunkuya, ka tambayi dalili daga baya.

Lokacin da nake jira a kowace fita shi ne bayan an bar tasha. Kyaftin ya juya hancin jirgi cikin iska, wani saurayi ba takalmi ya rataya a igiya yana ja da dukkan nauyinsa, filafili na hawa yana kaɗawa fat-fat-fat kamar zanin da aka shanya. Sai a karkata kaɗan, ya cika tim, jirgi ya ɗan kwanta, a murɗe makulli. Rurin da ka manta kana ji ya ɗauke. Sai ƙarar ruwa a jikin katako da kukan igiya. Nan za ka ga kowa ya rage murya ba wanda ya ce masa. Gudun bai wuce kilomita goma a awa ba, amma a fuska ji za ka yi ya fi haka. In suka ce wa zai riƙe sitiyari, miƙa hannu. Yara musamman ba sa mantawa.

Faɗuwar kanta gajeriya ce fiye da yadda ake zato. Duniya na juya digiri ɗaya a minti huɗu, faɗin rana a ido kuwa rabin digiri ne, don haka kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, daga taɓa ruwa zuwa ɓacewa minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Wanda ya tsaya neman waya a jaka sai dai a ba shi labari. Abin mamaki, lokacin da ka ga gindinta ya taɓa ruwa, ta riga ta faɗi: iskar da ke lulluɓe da duniya na lanƙwasa haske da fiye da rabin digiri, sai ta ɗago maka hotonta, shi ya sa ma take bajewa kamar an danne ta. Jan kuwa saboda hasken ya ratso iska mai kauri, shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan lemo suka iso. In sama ta yi tas babu hazo, lura da ɗigon ƙarshe: wani lokacin yakan yi kore shar na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ba kullum ba ne. Kada dai ka ƙura wa rana ido tun tana sama, kuma kada ka kalle ta da madubin hangen nesa ko kaɗan.

Hoto: goge gilashin waya don gishiri na dusashe shi, taɓa sararin sama a fuskar wayar ka rage haske, ka sa filafili ko igiya a gefe. Ɗauki biyu-uku ka ajiye.

Ga inda jama'a ke yin sakaci. Rana na ɓacewa sai a tafa, kowa ya juya ga hira. Alhali in akwai gajimare a can sama, minti goma zuwa ashirin bayan nan ne rana ke haska shi daga ƙasa, ya yi ja, ya koma ruwan hoda, ya koma shunayya. Ranar da sama ke da ɗan gajimare sau da yawa ta fi wadda take fayau kyau, don haka kada ka fasa saboda shi, sai in ya toshe yamma ƙirin. Waiga gabas ma, za ka ga wani duhu mai shuɗi na tasowa daga ruwa da ja-ja a samansa. Inuwar duniya ce. A ƙasashe masu zafi wannan haske bai fi minti ashirin da 'yan kai ba duhu ya rufa, a Ingila cikin Yuni yana wuce minti 40. Abin da ya sa na ce ka tambayi lokacin dawowa ke nan.

A hanyar komawa za a kunna fitilu, domin dokar teku ta duniya ta 1972 ta wajabta su daga faɗuwar rana zuwa fitowarta: ja a hagu, kore a dama, fari a baya. In ka hango ja da kore tare, jirgin can kai ya nufo. Kyaftin ya gani tun kafin ka gani. Kada ka haska masa tocila a fuska, yana buƙatar idonsa ya saba da duhu. Zauna har a ɗaure igiya, kada ka sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da gada, ka karɓi hannun da aka miƙo maka ko kana jin ƙarfi, don katakon jiƙe yake. In ka sauka ka ji ƙasa na lilo, ba komai, kunnenka ne bai sauko ba tukuna, galibi zuwa 'yan awoyi ya daina. Motar komawa masauki kuwa ka shirya ta tun da rana, domin jirage duk lokaci guda suke dawowa.