Yadda Baƙo Zai Zaga Zariya Cikin Kwana Biyu

Matafiya da yawa ta tagar mota kawai suka san Zariya, domin sukan biyo hanyar Kaduna zuwa Kano, su tsaya a Kwangila su sayi abin taɓawa, su wuce suna ganin sun ga gari. Wanda yake son ganin Zazzau da gaske sai ya ware mata aƙalla kwana biyu, kuma ya sani tun farko cewa garin kashi-kashi ne. Akwai Birni a cikin ganuwa, akwai Tudun Wada a bakinsa, akwai Sabon Gari wanda ya bunƙasa bayan zuwan jirgin ƙasa, sannan can gaba akwai Samaru inda jami'a take. Tsakanin Birni da Samaru tafiyar fiye da kilomita 10 ce, saboda haka mai hikima yakan ba kowane ɓangare lokacinsa, ba ya wuni yana kai da komo a cikin Keke Napep.

Rana ta farko ta Birni ce, kuma da sassafe ya kamata a shiga, kafin rana ta take. A bi ta Ƙofar Doka, wadda ita ce mashigar da baƙi suka fi sani, ko da yake akwai wasu ƙofofin kamar Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona da Ƙofar Galadima. A wasu wuraren har yanzu ana ganin ragowar ganuwar da ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina, a wasu kuwa ruwan sama da masu haƙar ƙasar gini sun cinye ta, abin da yake sosa ran duk mai kishin garin nan. Shawarata ita ce baƙo ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, domin lungunan Birni ba su da alamomi, kuma rabin abin gani yana cikin zauruka ne, inda ba a shiga sai da sallama da wanda aka sani.

Daga nan sai Fada. Ƙofar gidan Sarki da zanenta na gargajiya mai launuka ita ce hoton da aka fi sanin Zariya da shi, amma kada a ɗaga waya a fara ɗauka kai tsaye. A gaida dogarai, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi izini, a kuma tuɓe takalmi a duk inda aka ga mutanen gida sun tuɓe nasu. Yana da kyau baƙo ya san cewa gidaje huɗu ne suke sarautar Zazzau tun bayan jihadi, wato Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma Sarki na yanzu, Mai Martaba Ambasada Ahmad Nuhu Bamalli, daga gidan Mallawa yake, ya hau gadon sarauta a 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris wanda ya yi mulki tun 1975.

Kusa da Fada ne Babban Masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830. Masana gine-gine daga nesa sun sha zuwa kallon bakan-gizonsa da yadda aka ɗora rufi mai nauyi a kan azara da laka. A watan Agustan 2023 wani ɓangarensa ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu, aka kuma shiga aikin sake gina shi. Wanda yake son fahimtar irin wannan gini sai ya roƙi jagoransa ya kai shi tsofaffin zaurukan unguwar Babban Gwani, ya ɗaga kai ya dubi yadda bakunan suke tashi daga bango su haɗu a tsakiyar rufi.

Kada a bar Birni ba a zauna wurin masu ɗinkin hannu ba, domin Zage-zagi sun yi suna a aikin babbar riga. Za a tarar da maɗinki a zaure ya shimfiɗa shadda a kan gwiwarsa, yana bin zanen aska biyu ko aska takwas da allura, ɗinki bayan ɗinki, aikin da yakan ɗauki makonni. Mai saye ya juya rigar ya dubi cikinta, domin a nan ne aikin hannu yake bambanta da na keke, sannan ya yi ciniki cikin mutunci, kada ya taya aikin wata guda da kuɗin na yini.

Da rana sai a fito ta wajen Tukur-Tukur, inda Kamfanin Gaskiya yake, gidan da tarihin rubutun boko na Hausa ya ratsa ta cikinsa, tun daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta. A yankin ne kuma Kwalejin Barewa take, wadda aka kafa a Katsina a 1921 ta dawo Zariya a 1949. Da la'asar a nufi Wusasa, a ga cocin St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausawa, sannan a ƙarasa gindin Dutsen Kufena, inda tsohon mazaunin mutanen Zazzau yake. Hawansa yana son takalmi mai riƙe ƙafa da ɗan rakiya, kuma da damina dutsen yana da santsi ƙwarai.

Rana ta biyu a ba Samaru. A kan hanya za a wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, a leƙa Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da sashen zane-zane, inda sassaƙe-sassaƙen ɗalibai suke tsaye a fili. A dawowa sai a biya kasuwar Sabon Gari a yi tsaraba, amma a kiyaye ɗaukar hoto kusa da barikin soja.

Wanda yake da zaɓin lokaci ya zo da Sallah, ya ga Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, inda hakimai suke fitowa da dawakansu cikin ado su kai gaisuwa ga Sarki. Sai dai a kwanakin nan masauki yakan yi wuya, don haka a kama ɗaki tun da mako guda ko fiye, a Sabon Gari ko Samaru inda otal-otal suka fi yawa, kuma a tsara tafiyar ta yadda za a shigo gari a kuma fita da rana.